Ka yi jirgin ruwa na farko? Ga kayan da za ka nema kafin ka ɗauki fasinja

Duk wanda ya taɓa zama a tashar jirgi a Yauri ko Wara ko Dole Kaina ya san yadda abin yake tafiya. Mutum zai sayar da shinkafarsa ya haɗa da kuɗin adashe ya kai a buga masa jirgi, abin da ya rage ya zuba a inji, ranar da aka tura jirgin cikin ruwa ko kuɗin igiya babu a aljihunsa. Daga nan sai a shiga aro, yau filafili gobe fulogi jibi jarka. Toh ni dai shawarata tun kafin ka biya kuɗin katako ka ware wani abu gefe ka ce wannan na ƙananan kaya ne, ko da zai sa ka sayi inji fiftin, mai ƙarfin doki 15, maimakon foti ɗin da ranka ke so, don ranar da abu ya ɓaci a tsakiyar gulbi ƙananan kayan nan ne ke dawo da kai gida.

Kuma kar ka ruɗu da irin kayan da ake lissafa wa masu wani siririn jirgi na Ingila da ake kwana a ciki. Nasu na ƙarfe ne, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, a magudanar ruwa da aka haƙa yake tafiya, an ma ƙayyade musu gudu mil 4 a awa, damuwarsu murhun ɗumama ɗaki da ƙarfen buɗe ƙofofin ruwa. Mu namu kogin Kwara ne da tafkin Kainji, da iska da kututture da lodin ranar kasuwa.

Rigar ruwa ita ce farko, layif jaket kenan, kuma ba guda biyu da za ka rataye a gaban jirgi don jami'ai su gani ba. Iya mutanen da za ka ɗauka iya rigunan, har da kai da yaron jirgi. Na san za a ce ai mu 'yan ruwa ne, iya ruwa fidda kai. Toh kai ka iya, tsohuwar da ta shigo da ƙullin daddawa fa, da mai goyo da ta ɗaure zani ta sa hijabi har ƙasa? Kuma ko Basarke ne in katako ya buge shi a kai ya suma iyawarsa ba ta da amfani a lokacin. Babu wanda ya manta abin da ya faru a watan Mayun 2021 kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, jirgi ya taso daga jihar Neja da mutane sama da 150 ya tarwatse a hanya, waɗanda aka fitar da rai ba su da yawa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

In za ka saya ka duba lambar da ke jikin rigar. Mai 50N ta wanda ya iya ruwa ce kuma yana kusa da gaɓa, mai 100N ta fi ta, mai 150N ita aka yi don ta juyo da fuskar mutum sama ko a sume yake. Amma gaskiya kar ka tsaya a rubutu kawai don kasuwa cike take da jabu, wata in ka matsa sai ka ji soson katifa ne a ciki, wanda shi shan ruwa ma yake yi. Ka sayi guda ɗaya tukuna, ka sa, ka shiga ruwa iya ƙirji ka ɗage ƙafafunka ka ga ko za ta riƙe ka, sannan ka ja ɗinkin da maɗaurin da ƙarfi. In ta yi sai ka koma ka kwaso saura. Ta yara daban take, yaro a rigar babba sulluɓewa yake ta ƙasa, ka nemi mai igiyar da ke ratsawa tsakanin ƙafafu. Kuma kar a bari fasinja su mayar da su matashin zama, zama a kai da barinsu cikin rana shi ke lalata rigunan.

Ka ƙara da jarkoki wofi guda biyu ko uku masu murfi mai kyau, a ɗaura wa kowacce igiya mai tsawo. Jarka mai lita 25 in a rufe take tana iya riƙe nauyin da ya kusa kilo 25 a saman ruwa, mutumin da ke cikin ruwa kuwa ba ya buƙatar ko rabin haka don kansa ya tsaya a sama. In wani ya faɗa ita za ka jefa masa ka jawo, kar ka yi tsalle ka bi shi ka bar jirgi ba matuƙi.

Sai abin kwashe ruwa. Jirgin katako duk kyansa yana ɗan yoyo, balle sabo wanda katakonsa bai gama kumbura ba. Ka yanke jarka ta gefe ka bar mariƙin, ka yi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗaure su da igiya don kar su bi ruwa, da bokiti ɗaya babba. Ruwan da ya taru a cikin jirgi kowace lita kilo ɗaya ce, kuma mugun abin ba ya tsayawa wuri ɗaya, in jirgi ya ɗan karkata duk sai ya gangara can ya ƙara danne gefen. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ba sa barin yaro ya zauna haka nan, za ka ji ana “kai yaro, kwashe ruwan nan” tun bai kai idon sawu ba.

Kayan toshe ɓaraka kuma a gwangwani ɗaya mai murfi: auduga ko tsumma, kwalta, ƙusoshi, guduma, ƴan guntayen kwano da katako, da tsinken robar taya. Wannan ba na ado ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa har da tsohuwar Bussa, kututturan bishiyoyin nan har yau suna nan a tsaye ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya ja baya wasu su leƙo wasu su tsaya dab da sama ba ka ganinsu sai ka ji ƙara. In hakan ta faru ka cusa tsumma, ka danne da kwano ka buga ƙusa, mutum ɗaya na kwasar ruwa kai kuma ka nufi gaɓa ko gungun da ya fi kusa, gyaran gaske sai a tudu.

Yanzu inji, nan ne zan ɗan daɗe don nan sababbi suka fi wahala. Yawancin abin da ke ruwanmu Yamaha Enduro ne, fiftin ko twanti-faif ko foti, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Haɗin da aka saba kashi 50 na fetur kashi 1 na mai, wato jarka mai lita 25 rabin lita za ka zuba mata, mai lita 20 kuma mililita 400. Sabon inji dal a awa 10 na farko ana ninka man, kashi 25 da 1, kuma ba a murɗe shi har ƙarshe. Ka duba littafin da ya zo da injinka ka tabbatar, in na hannu ka saya ka tambayi makanikin da ya san irinsa. Dan Allah ka nemi kwalbar awo ka daina zubawa da ido. In mai ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya yi baƙi ya dinga mutuwa. Man da aka rubuta TC-W3 a jikinsa shi aka yi don injin ruwa, ya fi 2T na mashin dacewa.

Abin da zai zauna a akwatin inji kullum: fulogi sababbi aƙalla biyu da sifanar cire su, filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai kuros, igiyar tayar da inji ta safaya, tiyon mai da ɗan famfon roban nan da ake matsawa, man giya, farfela ta safaya da notinta da ɗan fil ɗin da ke kulle notin. Fil ɗin nan ka sayi da yawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma in babu shi farfela na iya kwancewa ta nutse kana ji kana gani. Wasu injunan suna da wani fil da aka yi shi don ya karye in farfela ta bugi abu, ya ceci giya, in naka irinsa ne shi ma ka tara. Sai mazurari da ƙyalle mai tsabta na tace mai, don man bumburutu ba a rasa ruwa ko ƙasa a ciki, kuma kafireto ba ta yafe wannan.

Da ka tayar da inji kafin komai ka waiga ka ga ko yana fitsari, ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. In babu kashe shi nan take. Wani lokacin leda ce ko ciyawa ta toshe inda yake shan ruwa, wani lokacin ƴar hudar fitar ce ta cushe sai ka zura siririyar waya, in duk ba su ba ne to robar famfon ruwa ce ta cinye, ita ma ka ajiye safaya. Yashi ne ke cin ta, don haka in ka zo wuri mara zurfi ka ɗaga inji ka kama gwangwala. Sannan jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke kashe inji in an fizge ta, a hannunka ko ƙafarka ake ɗaura ta, mutane da yawa sun naɗe ta a jikin inji sun manta da ita, toh in ka faɗa ruwa jirgi zai ci gaba da tafiya da mutane ko ya kewayo kanka da farfela. Shi kansa injin bayan ka ɗaure kusoshinsa ka ƙara masa sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin jirgi.

Mai kuma ka raba shi uku a ranka, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Gangara da hawa ba ɗaya ba ne, wanda ya tashi daga wajen Lolo ya biyo ruwa zai ga mai ya yi masa auki, a komawa ne zai gane. Kuma Kwara sau biyu take cika, akwai cikar damina mai jan ruwa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma wadda ke isowa cikin sanyi daga Disamba, ruwan saman ƙasar Gini ne da ya daɗe yana ratsa Mali kafin ya iso mana, kowacce da ƙarfin ruwanta.

Tunda ga fetur a jirgi sai ka nemi tukunyar kashe gobara mai hoda, ƙarama ma ta isa, ka rataye inda hannu zai kai amma ba dab da tanki ba. Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, fetur tasowa yake saman ruwa ya bazu da wutarsa. Tururinsa kuma ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, don haka mai sigari ko babanka ne ka ce Baba a yi haƙuri sai mun sauka.

Filafili biyu aƙalla da gwangwala doguwa, wannan ba sai an faɗa ba. Adda ko wuƙa mai kaifi saboda ciyawar burgu da kainuwa da tsohuwar koma da ke naɗe farfela, kuma ka kashe inji kafin ka sa hannu.

Anka mutane sun raina ta. In inji ya mutu a inda ruwa ke gudu ita ce za ta tsayar da kai ka yi gyara cikin natsuwa. Maƙeri zai iya yi maka da rodi, a sa mata ƴar sarƙa kafin igiya, igiyar kuma ta kai ninki biyar na zurfin wurin don in ta yi gajarta jan ankar kawai za ka yi ta yi a ƙasa. A goshin jirgi ake ɗaure ta, in ka ɗaure a baya inda inji ya riga ya danne ruwa zai hau ya shigo maka. Ka ƙara igiyoyi biyu na ɗaure jirgi a tasha da tsofaffin tayoyi a gefe.

Akwai wani abu da ba ya cin kuɗi sai ɗan gwangwanin fenti. Ka samu Sarkin Jirgi ko wani dattijon matuƙi ka ce ranka ya daɗe a zo a duba min, a loda jirgin a inda ruwa yake kwance har inda ya ce ya isa, ka ja layi da jan fenti a gefe biyu. Ranar kasuwa in ruwa ya taɓa layin shikenan, ko wa ya zo. Za a yi maka magiya, za a ce mashin ɗaya ne kawai, toh Bajaj ɗaya ya haura kilo 100, buhun shinkafa biyu kenan da ɗoriya, ga mai shi ga matarsa. Layin ne zai yi maka faɗan.

Na jikinka kuma: tocila mai ƙarfi, usur, waya da fawa bank a cikin leda biyu ko roba mai murfi, lambobin ƴan tasha na nan da na can, tamfol na rufe kaya, ruwan sha mai tsabta don ruwan gulbi ba a rasa ciwon ciki, garin kwaki da ƙuli-ƙuli ko da za a kwana a gungu, gidan sauro, bandeji da ayodin da farasitamol da ƙunshin gishiri da sukari. Tocilar ta ko-ta-kwana ce ba ta tafiyar dare ba, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana zirga-zirga daga 6 na yamma zuwa 6 na safe, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Suna da ofis a Yelwa, ka je ka yi rajistar jirginka ka ji abin da ake buƙata, takardun ka sa a leda, sannan ka shiga ƙungiyar masu jirgi ta tasharku.

Kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya ka yi kwanaki kana fita da wanda ya san hanyar, ya nuna maka inda kututture yake, inda yashi ke taruwa, inda dorina ke zama da ƴaƴanta don a ba ta wuri, da lungun da ake fakewa in hadari ya taso daga gabas. Ku gwada kashe inji a tsakiyar ruwa ku jefa anka, ku canza fulogi da farfela jirgi na lilo, ka sa yaronka ma ya yi da hannunsa har sai ya iya ba tare da ka buɗe baki ba.