Bol da noti a ƙarfen da ke waje: kurakuran da ke gayyato tsatsa

Duk wanda ya taɓa hawa hasumiyar tankin ruwa a ƙauyukan Yauri ko fadamar Argungu ya san inda tsatsa take fara ci: mahaɗa, wurin bol da noti. Nan ƙurar hunturu take taruwa, nan ruwan da tanki ya zubar yake kwanciya, kashin tsuntsaye ya ƙara nasa. Bara na hau wata da ba ta cika shekara huɗu ba. Ginshiƙai na nan da fentinsu kamar jiya aka shafa, amma ina sa sifana a noti guda sai ya ruguje mini kamar ƙuli-ƙuli.

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yin sa. Mai saye ya ga bol fari yana ƙyalli, ya ce ai mai tutiya ne, wato rufin da ke kare ƙarfe daga tsatsa. To, tutiyar iri biyu ce. Wadda ake ɗorawa da lantarki siririya ce, kaurinta bai cika wuce maikiron 5 zuwa 12 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ta cikin ɗaki ce. Ta waje ita ce wadda ake tsoma bol a narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kusan 450, ya fito da rufi mai kaurin maikiron wajen 50. Ba shi da kyan gani, toka-toka ne, da ɗan kaushi in ka shafa. Shi za ka saya. Ka kuma duba lambar da ke kansa mai nuna ƙarfin bol, 8.8 ko 10.9, wanda ba lamba, mayar wa mai shago abinsa.

Tsomammen bol ya ƙara kauri, shi ya sa ake faɗaɗa tiredin notinsa, wato haƙoran da ke cikinsa, tun daga masana'anta. In aka kawo notin gama-gari ya ƙi shiga, sai ka ga yaro ya ɗauko buroshin waya yana kankare tutiyar da aka biya kuɗi dominta. A sayi bol, noti da washa tare, daga kwali ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanke tsatsa da ruwan batir mai asid. Bol yana fitowa fes, maigida ya ji daɗi an yi tattali. Abin da ido ba ya gani, asid yana cusa iskar haidirojin cikin ƙarfen, kuma ƙarfe mai tauri irin 10.9 da 12.9 ba ya jure wannan. Za a ɗaure shi lafiya lau, bayan kwana biyu ko mako ya karye ɗas, ba lanƙwasa, ba gargaɗi. Tsoron haidirojin ɗin nan ne ma ya sa ba a tsoma 12.9 a tutiya, a Amurka kuma ƙa'ida ta hana tsoma bol ɗinsu mai lamba A490. Bol ɗin da tsatsa ta ci tiredinsa ba shi da magani sai canji, ɗaya bayan ɗaya, kada a kwance mahaɗa gaba ɗaya. Haka tsomammen bol da aka taɓa ɗaurewa tamau, ba a sake amfani da shi.

Sai walda. Na san dalili, ɓarayin ƙarfe sun addabi kowa. Amma ɗigon waldan da ake yi a kan noti yana ƙone tutiya, ya kuma ɓata taurin da aka ba bol ɗin da wuta a masana'anta. Akwai notin da kansa ke karyewa in an gama ɗaurewa, sifana ba ta sake kama shi. A ɗora shi a bayan notin gaske.

Baƙin man da ake shafa wa bol don hana tsatsa kuma, ruwan farko na Yuni yake wanke shi, kafin nan ya tara ƙura. Ga shi yana sa santsi, ƙarfin ɗaurin da injiniya ya rubuta ya wuce kima, bol ya miƙe. Notin kirki da man da ya dace yake zuwa. Abin da ake buƙata a adana shi a rufaffen duro, ba a zube a ƙasa raɓa tana dukansa ba.

Bayan ɗauri, a wanke mahaɗar, ta bushe, a shafa fenti mai tutiya duk inda sifana ta kurje. Kada a cusa fenti mai kauri tsakanin farantan da za su matsu, sai in zanen injiniya ya ce a yi. A rumbun ajiye taki kuwa a ninka kulawa, ƙurar taki da laima suna cin tutiya da sauri.

Ni sau biyu nake zagaye a shekara, Afrilu kafin ruwa ya sauka, da Oktoba bayan ya ɗauke. Daga ƙasa nake farawa, notin gindin ginshiƙi, inda taɓo ke rufewa kuma shanun da suka zo shan ruwa suke fitsari.