Yadda ake kallon tsuntsayen ƙaura daga cikin kwalekwale a babban kogi

Daga Maris zuwa Mayu, idan sanyi ya fara sakin ƙasashen arewacin duniya, tsuntsaye kan baro kudu su nufi inda za su yi ƙwai, kuma da yawansu manyan koguna suke bi. Kogin Misisipi na Amurka da bakin kogin Danub a Romaniya kowannensu ana ganin tsuntsaye sama da iri 300. Ƙaramin kwalekwalen nan na mutum ɗaya da ake kira kayak yana kai ka kusa da su fiye da tafiyar ƙasa, domin kana zaune dab da ruwa, ba ƙarar inji.

Kafin maganar tsuntsu, a fara da ruwan. A wannan lokacin kogi a cike yake da narkakkiyar ƙanƙara, don haka ko rana na dukan bayanka, ruwan na iya zama ƙasa da digiri 15. Wanda ya kife a irin wannan ruwa numfashinsa ne ke fara sarƙewa, cikin 'yan mintuna kuma yatsu su daina riƙe komai. Saboda haka ka sa tufar roba mai tsare ɗumin jiki, ka ɗaura rigar ceto tun a gaɓa, ka maƙala usur a jikinta. Rigar da ke ajiye a bayan kujera ba ta ceton kowa. A gida kuma ka bar sanarwar inda za ka shiga da lokacin da za ka fito.

Kayak mai faɗin santimita 70 zuwa 75 ya fi dacewa, domin siriri yana da gudu amma yana tangaɗi da zarar ka saki filafili. Madubin hangen nesa kuwa 8x42, wato mai ƙara girman abu sau 8, ya isa, wanda ruwa ba ya shiga. Mai lamba 10 ko 12 yana ƙara girman tsuntsun, amma yana ƙara girman kowane girgizar jirgin ma, sai idonka ya gaji ba ka tantance komai ba. Ɗaure filafilin da igiya a jikin jirgin.

Shiga ruwa da asuba. Ƙananan tsuntsaye masu waƙa da dare suke tafiya, gari na wayewa su sauka a itatuwan gaɓa da yunwa. Daren da iska ta kaɗa daga kudu, musamman idan ruwan sama ya tare su kafin wayewar gari, washegari za ka tarar da rassa cike. Fara da tuƙi zuwa saman kogi tun kana da ƙarfi, sannan ka bar ruwa ya dawo da kai. Mai tuƙi na yau da kullum kilomita 4 zuwa 5 yake ci a awa guda. Idan ka ga kana tuƙi gaɓa ba ta motsi, ruwan ya fi ƙarfinka, ka fita.

Tsakiyar kogi hanyar manyan jiragen dakon kaya ce, kuma irinsu kan yi fiye da kilomita guda kafin su tsaya. Ka bar musu ita. Abin da kake nema ma ba can yake ba: yana bayan tsibirai, da ƙananan rassan kogi, da fadamun da ruwa ya malale, inda agwagin daji da zalɓe da kwasakwasa ke kiwo, tsattsewa na shawagi a kan ruwa.

Kuskuren da ya fi jefa mutane cikin hatsari shi ne ɗaga madubi alhali jirgi na tafiya. Ido na kan reshe, ruwa kuwa na jan ka zuwa itacen da ya faɗo cikin kogi, wanda ruwa ke ratsawa amma jirgi ba ya wucewa. Nan take yake kifar da kai ya danne. Don haka ka fara samun kwantaccen ruwa, ka cusa hancin jirgin cikin ciyayi ko yashi, ka ɗora filafili a cinya, sannan ka duba. Kada ka ɗaure jirgi ta gefe a inda ruwa ke gudu.

Wajen matsawa kusa da tsuntsayen, sa rana a bayanka, ka bi ta gefe maimakon ka nufe su kai tsaye, filafili a ƙasa-ƙasa, don ƙyallinsa a sama ne ke fara tsorata su. Bar tazarar mita 50 zuwa 100 tsakaninka da garke. Idan suka daina ci, suka miƙe wuya, ka matso da yawa, ja da baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: tsuntsun da ya kwana yana tafiya ya ƙone kitsen jikinsa, kuma duk tashin da ka sa shi yi daga guzurin sauran tafiyarsa ne. Tsibirin yashi da ka ga ana sheƙa a kai, kada ka sauka.

Wanda ya ɓuya cikin ganye kuwa, manhajar Merlin na iya gane shi daga kukansa, muddin wayar na cikin jakar da ruwa ba ya shiga, rataye a wuyanka. Da hantsi iska kan tashi, idan kuma ta fuskanci gudun ruwa sai igiyoyi su yi tsini, don haka ka kama hanyar gaɓa kafin azahar.