Yadda ake raba ƙarfen toriyam da oksijin ɗin da ya riƙe shi

Toriyam da oksijin sun riƙe juna gam, shi ya sa farin garin da haɗuwarsu ke samarwa, wato ThO2, sai zafi ya haura digiri 3,300 a ma'aunin Salsiyas kafin ya narke. Gawayin da ake narka tama da shi a samu baƙin ƙarfe ba zai yi ba a nan, don toriyam haɗewa yake da shi ya zama kabayid, wato haɗin ƙarfe da sinadarin gawayi, haidirojin kuma bai da ƙarfin ƙwace oksijin ɗin. To dole a nemo wanda ya fi toriyam kwaɗayin oksijin, shi ne kalsiyam.

Da farko ana samo garin daga yashin monazayit, irin wanda ke jibge a gaɓar tekun Kerala a Indiya, a tace shi a busar da shi ƙayau. Sai a cakuɗa da kalsiyam, a ɗan zarce adadin da lissafi ya nuna, a zuba kalsiyam kulorayid a kai don ya narke ya sa komai ya gauraya sosai. Lissafin dai ThO2 + 2Ca → Th + 2CaO ne, wato kalsiyam (Ca) ya ƙwace oksijin ya zama farar ƙasa (CaO), ya bar toriyam (Th) shi kaɗai.

Daga nan a rufe cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iska a cika da agon, wani gas da ba ya haɗewa da komai, a gasa wajen digiri 1,000. Nan fa hankali yake, don in iska ta samu kafa ko kaɗan to aikin ya tashi a banza, toriyam ɗin zai sake haɗewa da oksijin ya koma inda ya fito.

Tunda toriyam sai digiri 1,750 yake narkewa ba dunƙule za a gani ba in an buɗe, gari ne mai duhu a maƙale cikin farar ƙasa, sai a wanke da ruwa da asid mara ƙarfi har farar ƙasar ta tafi, a busar ba tare da iska ba saboda garin nan da kansa yake kama wuta, sannan a matse a narka da wutar lantarki a inda babu iska.

Wannan fa aikin ma'aikata ne masu lasisi, ba na gida ba. Toriyam yana fitar da radiyeshan, ƙurarsa in ta shiga huhu zama take yi, kuma yana sakin iskar radon-220, wadda ita ma radiyeshan take fitarwa.

In ana son mai tsabta sosai sai a bi hanyar da masana kimiyya van Arkel da de Boer suka fito da ita a 1925: a haɗa shi da aidin ya zama tururi, tururin ya taɓa waya mai zafi, toriyam zalla ya dinga taruwa a jikinta.