Injin jirgin da ka haɗa yana zafi? Kurakuran da aka fi yi a hanyar iska da yadda ake gyara su

Mai haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa yakan shafe shekaru a kan fukafukai da wayoyin sarrafawa, murfin inji kuwa sai a ƙarshe, lokacin da haƙuri da kuɗi duk sun ja baya. Sakamakon yana fitowa ne a tashin farko: minti uku da barin ƙasa, allurar zafin kan silinda ta doshi ja. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya ɗauko zarto ya faɗaɗa ramin gaba, alhali sau da yawa ramin ba shi da laifi.

Abin da ke sanyaya injin da ba ya amfani da ruwa shi ne bambancin matsin iska tsakanin saman silindoji da ƙasansu. Iska tana shiga ta gaba, ta rage gudu, ta taru a ɗakin da ke saman inji, sai matsin ya tilasta mata ratsawa ta tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran faifan ƙarfen da ke jikinta don fitar da zafi, zuwa ɗakin ƙasa, daga nan ta fice ta bayan murfi. Injin Lycoming O-360, irin wanda aka ɗora wa jirgin Air Beetle da aka haɗa a Kaduna bisa tsarin ƙaramin jirgin RV-6A, yana son bambancin da ya kai tsayin ruwa inci 6.5, wato kusan santimita 16 da rabi, kuma iskar da zai sha ta haura mita kubik ɗaya a kowace daƙiƙa. To ga inda gizo ke saƙar: duk matsin da iska za ta iya bayarwa a gudun kilomita 185 a awa bai wuce wannan santimita 16 da rabin ba. A gudun hawa, misali kilomita 150 a awa, bai fi santimita 11 ba, sai ɗan ƙarin da farfela ke bayarwa. Ke nan lokacin da inji ya fi aiki shi ne lokacin da matsin ya fi ƙaranci, don haka babu ko kaɗan da za a yi asararsa.

Gyara ba tare da awo ba

Wannan ne kuskuren da ke haifar da sauran. A yanka nan, a toshe can, a canja abu uku a rana ɗaya, a ƙarshe ba a san wanne ya yi aiki ba. Kayan awon kuwa ba su da tsada. Samo siririn tiyo mai garai-garai kamar mita shida, ka lanƙwasa tsakiyarsa kamar harafin U a jikin katako, ka manna rula a gefe, ka zuba ruwa mai ɗan launi zuwa rabi. Baki ɗaya ya tafi ɗakin sama, ɗayan ya tafi ƙarƙashin silindoji. Kada ka bar bakin tiyon yana fuskantar iska kai tsaye, domin zai auna gudunta maimakon matsinta. Haɗa kowane baki da guntun bututun alminiyom mai tsawon santimita 20, ka toshe ƙarshensa, ka huda ƙananan ramuka masu faɗin milimita ɗaya a kewayensa, sannan ka ɗaure shi nesa da salansa. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan biyu ita ce amsarka. Rubuta ta a hawa da kuma a miƙaƙƙiyar tafiya, tare da gudu da zafin waje. Ya fi kyau a sa kyamara ta ɗauki katakon, idon matuƙi ya zauna a kan tuƙi, kuma duk wannan sai bayan hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta ba da izinin tashin gwaji.

Sai a sake awo na biyu: ɗakin ƙasa a kan matsin iskar waje, wanda za ka samu daga layin da altimita, wato ma'aunin tsayin jirgi, ke sha. Idan ɗakin sama ba ya tara matsi, laifin na mashiga ne ko na yoyo. Idan ɗakin ƙasa ne ya cika da matsi, laifin na mafita ne. Waɗannan lambobi biyu su ne za su nuna maka inda za ka sa hannu.

Shi ma ma'aunin zafi a gwada shi kafin a gaskata shi. Tsoma kan na'urar a tafasasshen ruwa, amma ka tuna a Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 saboda tsayin wurin, a Abuja kuma wajen 99. Na'urar da ake sawa ƙarƙashin fulogi da wadda ake cusawa cikin ramin kan silinda ba sa ba da lamba ɗaya, kada a gauraya su a inji ɗaya. Kuma a sa wa kowace silinda tata, domin wadda ba a aunawa tana iya zama ita ce ke ƙonewa.

Yoyon shinge

A nan mafi yawan matsin ke salwanta. Shingayen alminiyom da ke kewaye da saman inji, da robar da ke bakinsu, su ne bangon ɗakin sama. Iska ba ta son wahala, duk inda ta samu kafa nan za ta bi ta bar haƙarƙarin silinda. Tazarar milimita 3 kacal da ta bi tsawon santimita 60 na shingen baya daidai take da rami mai faɗin kusan santimita 5 a tsakiyar bangon.

Robar bakin shinge dole ta kwanta zuwa ciki, ta fuskanci ɗakin sama, yadda matsin iska zai ƙara danna ta a jikin murfi. Idan wajen mayar da murfi ta lanƙwashe zuwa waje, iska za ta buɗe ta kamar ƙofa. Bayan kowace rufewa, leƙa ta mashiga da tocila, ka sa yatsa ka bi duk inda hannu ya kai. Yi amfani da silikon mai zare a ciki, kauri kamar milimita 3. Robar tiyub ɗin mota ba ta jure zafi da mai, nan da nan take bushewa ta tsage. A kusurwa kada ka tilasta wa doguwar roba ta zagaya, za ta yi tattara, kowace tattara kuma rami ce. Yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace ta hau kan ta kusa da ita da kamar santimita 2. Bayan 'yan awoyi na tashi, duba cikin murfin sama: inda robar ke taɓawa za ka ga layin gogewa, inda layin ya yanke nan iska ke tserewa, galibi ma da baƙin zanen ƙura yana nuna hanyarta.

Da dare a sa fitila a ƙarƙashin inji, a duba daga sama. Hasken da ya ratso ta tsakanin haƙarƙari shi ake so. Wanda ya fito ta gefen shinge, ta inda wayoyin fulogi suka ratsa, ko ta inda shinge ya haɗu da gangar inji, a toshe shi da jan gam ɗin silikon mai jure zafi. Wurare biyu da aka fi mantawa su ne kewayen bayan farfela, inda iskar ɗakin sama ke zagayawa ta faɗa ƙasa, da ƙananan farantan da ke tsakanin silinda da silinda ta ƙasa. Idan babu waɗannan farantan, iska za ta zube ta tsakiya ba ta naɗe ƙasan silinda ba.

Silinda ɗaya ta fi sauran zafi

A Lycoming mai silinda huɗu yawanci ta 3 ce, wadda ke baya ta hannun dama. Gefen kanta da ke jingine da shingen baya haƙarƙarinsa ba su da zurfi, don haka idan shingen ya manne da ita, iska ba ta da hanyar sauka zuwa ƙasan kan. Sa washa ɗaya ko biyu tsakanin shingen da kan silindar don a samu tazarar milimita 2 zuwa 3, ko ka ƙera ɗan aljihu a jikin shingen daidai wurin. Ta 2, wadda ke gaba ta hagu, tana da irin wannan gefen yana kallon gaba, kuma dogon farantin da aka kafa a gabanta yana iya toshe shi. Rage tsayin farantin kaɗan-kaɗan, kana aunawa bayan kowane yanka.

Siffar mashiga

Baki mai kaifi yana da kyan gani a ƙasa. A hawa kuwa hancin jirgi yana sama, iska tana zuwa a karkace, ga farfela tana murɗa ta, sai ta kasa bin kaifin, ta ɓalle daga bango ta yi guguwa a cikin ramin, rabin mashigar ya tashi a banza. Leɓen ya zama mai kauri, zagayayye kamar gefen faranti mai dunƙulen baki. Daga leɓe zuwa ciki hanyar ta riƙa buɗewa a hankali, kowane bango kada ya kauce fiye da digiri 7 ko kusa da haka, kuma kada a bar tudu ko gaɓa a rufin hanyar inda faibar da aka ƙera hanyar da ita ta haɗu da murfin sama. A kawo mashigar kusa da bayan farfela, a ɗan nesanta ta da tsakiya, domin gindin farfela ba ya tura iskar kirki.

Akwai kuma masu son mashigar nan da ke nutse a jikin jirgi, wadda hukumar NACA ta Amurka ta ɓullo da ita a 1945. Tana da kyau wajen shigo da iska ga matuƙi. Idan aka sa ta a gaban lagireto ko na'urar sanyaya baƙin mai, inda iska ke cin karo da turjiya, yawancin iskar sai ta bi ta samanta ta wuce. Irin waɗannan suna son baki mai fuskantar gaba sosai.

Mafita

Iskar da ba ta da wurin fita ba za ta shiga ba, ko da mashigar ta kai girman taga. Ga shi kuma ta ɗumama ta kumbura. A ƙasan murfi, bututun salansa biyu da ƙafar tayar gaba da tiyo-tiyo sukan cinye rabin mafitar, don haka a lissafa sararin da ya rage bayan an cire su. Gefen ƙasa na bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi a zagaye shi da lanƙwasasshen faranti, kada a bar shi da kusurwa. Ɗan leɓe mai tsayin santimita 2 zuwa 3 a gaban mafita, mai karkata zuwa ƙasa da baya, yana jawo iska waje a lokacin hawa. Yana rage gudu kaɗan, shi ya sa ƙofar da matuƙi ke buɗewa a hawa ya rufe a tafiya ta fi shi, ga wanda zai iya ƙera ta. Don ganin abin da ke faruwa, manna zaren ulu masu tsawon santimita 8 a kewayen mafitar ka ɗauke su da kyamara. Zaren da ya juya yana kallon gaba yana gaya maka iska komawa ciki take yi.

Baƙin mai da lagireto

Kowane bututun da aka ja daga ɗakin sama, na altaneta, na magneto mai ba fulogi wuta, na ɗumama ciki, yana rage matsin. A bar wanda ya zama dole kawai. Na'urar sanyaya mai da aka rataya a shingen baya tana cin rabon silindar da ke gabanta, kuma idan ɗakin ƙasa ya cika da matsi, ita ma iskarta ba za ta ratsa ba. Lycoming na son mai ya zauna wajen digiri 82, iyakarsa 118. Kan silinda iyakarsa 260, amma mai son injinsa ya daɗe ya riƙe shi ƙasa da 205.

Masu injin Rotax 912, wanda ruwa ke sanyaya kawunansa iska kuma ke sanyaya jikin silindojin, da masu ɗora injin mota, kuskurensu ɗaya ne: rataya lagireto a cikin murfi ba tare da an gina masa hanya ba. Dole a rufe kewayensa ruf da soso mai jure zafi ko silikon, ta yadda duk iskar da ta shigo sai ta ratsa shi. Bakin hanyar yana iya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na fuskar lagireton, muddin ta buɗe a hankali. Idan a ƙarƙashin jirgi yake, a ɗaga bakin santimita 2 zuwa 3 daga jikin jirgin don ya kauce wa raunanniyar iskar da ke manne da fata.

Jos da Abuja ba ɗaya ba ne

Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da Jos, yana kan tsayin kusan mita 1,290. Ranar da zafi ya kai digiri 30, iskarsa ba ta fi ta tsayin ƙafa 7,000 kauri ba, wato kaurinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da na bakin teku. Inji yana rasa ƙarfi, hawa yana tsawo, matuƙi kuma yakan ja hanci sama don ya tsere wa duwatsu, gudu ya ragu, sanyaya ta ragu tare da shi. Idan hanya ta ba da dama, sauke hanci ka ƙara kilomita 20 zuwa 30 a awa a kan gudun hawa.

Abuja tana ƙasa, wajen mita 340, kuma a watan Maris zafinta yakan haura 35. Jirgin da aka gwada a sanyin Disamba na Jos aka ce lafiya lau yana iya tafasa a can, domin injin zai ba da ƙarfi fiye da yadda ya saba, iskar sanyaya shi kuma ta fi zafi. Wanda ya rage fetur ɗin da ke gauraya da iska a inji don tashi daga Jos ya tabbata ya mayar da shi cikakke kafin tashi daga Abuja. Ƙarancin fetur a cikakken wuta, da taimin da ya wuce wanda aka buga a farantin injin, kowannensu yana ɗaga zafi ko da hanyar iska ba ta da aibi, don haka a duba su kafin a taɓa faiba.

Da hunturu, ƙura tana haɗuwa da ɗigon mai ta zama laka a cikin lagireto da na'urar sanyaya mai. A wanke su, a hura iska daga baya zuwa gaba. Jirgin da ya yi mako biyu a ajiye kuma a leƙa tsakanin haƙarƙarinsa, domin zanzaro na gina ɗakinsa a nan, tsuntsu kuma na iya cika saman silinda da ciyawa cikin kwana ɗaya. Toshe mashigai da soso mai jan ƙyalle, ka haɗa su da igiya ɗaya da ta ratsa ta kan farfela don kada a manta da su a ciki.