Baba bai kurumce ba: kurakuran da muke yi da mai ciwon Parkinson

A gidajenmu na Maraɗi, da zarar dattijo ya fara rawar hannu, ido yakan tsaya a kan hannun. Kofin shayi na kaɗawa, wani ya ce tsufa ne, wata ta ce sammu ne. Amma wannan ciwo, wanda likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817, bai tsaya a hannu da ƙafa ba. Yana taɓa yadda mutum ke tattara hankalinsa, kuma a nan ne iyali suka fi tafka kuskure.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar jinkirin amsa a matsayin kurumta ko ruɗewar tsufa. Ka ce, "Baba, a kawo hura ko kunu?" Shiru. Fuskarsa ba motsi, don ciwon yana sandarar da naman fuska. Kafin ya buɗe baki ka sake tambaya da ƙarfi, jika ya sa baki, uwargida ta amsa masa. Alhali ya ji, amsar ce ke kan hanya.

Masana sun auna wannan jinkiri. Akwai na'urar EEG, wadda Bajamushe Hans Berger ya fara ɗaukar wutar ƙwaƙwalwar mutum da ita a 1924. Ana manna wayoyi a fatar kai, a riƙa kunna wa mutum sauti iri ɗaya, jefi-jefi a sako wani daban, a ce ya ƙirga baƙin. Duk lokacin da baƙon sauti ya shigo, ƙwaƙwalwa takan yi wani ɗan tashi, kamar kashi 3 cikin 10 na sakan bayan jin sa. Shi ake kira P300, kuma Samuel Sutton da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1965. A wurin masu Parkinson da yawa, musamman waɗanda ciwon ya taɓa tunaninsu, wannan tashi yakan makara. A wannan ciwo, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke samar da dofamin, sinadarin da ke taimaka wa motsin jiki, suna mutuwa, wasu sinadaran da ke riƙe hankali su ma suna raguwa. Gyaran wannan kuskure na iyali ba ya cin ko dala: mutum ɗaya ya yi magana, ya tsaya gabansa, ya yi tambaya ɗaya, sannan ya ƙirga goma a zuci kafin ya maimaita. Rediyo kuwa a rage shi.

Kuskure na biyu ya fi haɗari. Mun saba rakiya da hira: ana tafiya masallaci ana labarin kuɗin gero a Babbar Kasuwa. Mai lafiya yana tafiya ba tare da tunanin ƙafarsa ba. Mai Parkinson kuwa da hankalinsa yake ɗaga kowane taki, don haka idan ka janye hankalin da zance, ƙafa takan ƙame a ƙasa kamar an sa mata danƙo, musamman a bakin ƙofar zaure ko wurin juyawa. Daga nan sai faɗuwa. Idan yana tafiya a bar shi da tafiyarsa. Idan ya ƙame kada a finciko hannunsa. A ƙirga masa "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu", ko a ja layi a ƙasa a ce ya tsallaka. Gaisuwa ma ta jira ya zauna, ko da maƙwabta za su ce an yi musu girman kai.

Shi kansa gwajin EEG ana masa gurguwar fahimta. Wasu na tsoron za a sa wa tsoho lantarki a kai, alhali na'urar saurare kawai take yi, ba ta tura komai. Wasu kuma sukan kwashi kuɗi zuwa Yamai ko Kano da nufin na'ura ta faɗi ko Parkinson ce. Ba da ita ake gano ciwon ba. Likita ne ke gano shi ta kallon tafiya, taurin gaɓoɓi da jinkirin motsi. EEG ta fi amfani idan ana zargin farfaɗiya.

Sai batun magani, inda raina ya fi ɓaci. Artane yana rage rawar hannu kuma yana da araha, shi ya sa ake saye wa tsofaffi shi har a hannun masu yawo da magani. Amma yana toshe asetilkolin, sinadarin da hankali ke dogaro da shi, sai tsoho ya shiga mantuwa, ruɗewa, har ganin abin da babu. Iyali su ce ciwo ya ci gaba ko iska ta shiga, alhali ƙwayar ce. Maganin amai Primpéran da maganin taɓin hankali haloferidol su kuma suna ƙara tsananta ciwon. A tattara duk abin da yake sha, har na gargajiya, a kai wa likita ya gani, kada a tsayar da komai da ka.

Lebodofa, babban maganin ciwon, yana son lokaci. Nama, nono da wake suna rage shigarsa jiki, don haka akan so a sha shi kamar rabin awa kafin abinci. Kada a jira ya ƙare sannan a nufi farmasi, don yanke shi farat ɗaya na iya kwantar da mutum. Kafin azumi a je a yi shawara da likita.

Idan kuwa jiya lafiya lau kuka yi hira, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, Parkinson ba ta irin wannan gaggawa. A nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, taurin ciki na kwanaki, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a zafin Afrilu da Mayu. A kai shi asibiti ranar, kada a bari sai gobe.