Yadda za ka auna memori na struct mai jela a direba

Jiya a Samaru ƙanena ya nuna min direban Linux (manhajar da ke sa Linux ya yi magana da wata na'ura) da yake rubutawa, akwai struct (ƙunshin bayanai a yaren C) mai jelar array (jerin abubuwa n) a ƙarshe, don auna memorinsa ya sa sizeof(*p) + n * sizeof(p->data[0]), na ce kai tsaya, in n ɗin nan daga na'ura ya fito kuma ya yi girma, ninkawar za ta cika ta zagayo ta zama ƙaramar lamba, kmalloc, mai ware maka memori, ya ba ka ɗan wuri ka yi ta rubutu har gonar maƙwabci.

Sa struct_size(p, data, n) kawai, yana linux/overflow.h tun Linux 4.18. In lissafi ya fashe SIZE_MAX, lamba mafi girma da ma'aunin zai iya ɗauka, yake bayarwa, kmalloc ya dawo da NULL, ka duba ka mayar da -ENOMEM, alamar babu memori. Jelar kuma data[] za ka rubuta, bar data[1] ɗin nan na da.