Yadda Ake Zaɓen Fure Mai Yaɗo Wanda Ba Zai Cinye Rumfar Gida Ba

Wata ƙanwata da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi ta aiko mini hoton wani fure mai ruwan shuni da ya lulluɓe ƙofar wani gida, ta ce: "Yaya, irin wannan nake so a bakin rumfata." Kilematis ne, irin wanda ake kira Jackmanii, da wani mai lambu a Ingila, George Jackman, ya samar a shekarar 1858. Kyau kam ba a magana. Sai dai tsiro ne na ƙasar sanyi, yana son kansa a rana, saiwarsa kuma cikin ƙasa mai sanyi da laima. A garinmu da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga yashi da ba ya riƙe ruwa, kuɗinta kawai za ta zubar. Na ce mata ta bar shi a hoto, akwai masu yaɗo da suka saba da ranarmu, aikin dai shi ne a raba mai ladabi da mai barna.

Da farko, kafin ka je wurin masu sayar da dashe, tsaya gaban rumfar ka dube ta. Da me aka yi ta? In ƙarfe ne da aka dasa cikin siminti, za ta ɗauki nauyi. In kuwa itace ne da zana ko darnin kara, to tsiro mara nauyi kaɗai za ta iya. Ka lura kuma da inda rana ke bugawa: bangon da ke fuskantar yamma yakan yi zafi kamar tanda daga azahar har la'asar, na gabas ya fi sauƙi.

Sai ka ƙidaya ruwanka. Damina a Maraɗi daga Yuni ne zuwa Satumba, sauran wata takwas kai ne girgijen tsiron. Ka tambayi kanka bokiti nawa za ka iya bayarwa a tsakiyar bazara, ranar da pampo ya ɗauke, ba ranar da aka kwana ana ruwa ba.

Da ka isa garkar mai dashe, bayan gaisuwa, tambaya uku ce ta fi muhimmanci. "Baba, wannan yana tsiro daga saiwa nesa da gindinsa? Yana zubar da iri ya fito ko'ina? Yana da ƙaro fari in an karya shi?" Ta farko ita ce babba. Ni da kaina na dasa wani mai ƙananan furanni ruwan hoda da ake kira Antigonon, ɗan asalin Meziko, wanda masu dashe ke ce wa liyan koray. Daminar farko na yi murna da shi. A ta biyu ya haye rumfa, ya tsallaka katanga, ya naɗe ɗan lemun maƙwabcina. Da na sare shi sai ya sake fitowa, domin yana ajiye 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa kamar dankali, kuma kowanne ka manta da shi sabon tsiro ne. Shekara biyu ina haƙa. Shi kuwa farin ƙaro, sau da yawa alamar dafi ce, kamar na Allamanda mai rawayan fure, don haka gidan da ke da yara ƙanana ko awaki gara a kauce masa.

In rumfarka ƙarama ce, abin da na fi yarda da shi shi ne waken nan mai shuɗin fure, Clitoria ternatea. Jikinsa siriri ne, tsawonsa bai cika wuce mita 3 ba, yana naɗe waya a hankali ba tare da ya karya komai ba. Dangin wake ne, saboda haka yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi a gonar hatsi. Laifinsa ɗaya, yana zubar da iri, sai ka riƙa tsinke kwanson kafin ya bushe. Awaki na sonsa ƙwarai, a kare shi.

Yasmin ma mai ladabi ne, ga ƙamshi da magariba. Ba ya hawa da kansa sosai, sai ka ɗaure shi da tsumma mai laushi, kuma ya fi son gefen gabas da ruwa a kai a kai.

Bugenbil, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, shi ne sarkin jure fari, kuma da hunturu ya fi yin ado, lokacin da sauran suka yi ƙura. Amma ladabinsa na hannun mai almakashi. Yana da ƙaya, yana da nauyi, rumfar ƙarfe kaɗai ta dace da shi, kuma kada a sa shi a zaure ko hanyar da yara ke gudu. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, in ka cika masa ruwa da taki sai ya ba ka ganye zalla. Ka bar ƙasar ta ɗan bushe tsakanin ban ruwa, sai launi ya fito.

Wanda kuma ke son inuwar damina kawai, ga soso da garahuni namu na gida. Su hau, su rufe, kaka ta yi su bushe, ka sauke su rumfarka ta huta.

Lokacin dashe shi ne bayan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Haƙa rami kamar santimita 50 zurfi da faɗi, ka ja shi kamar kamu ɗaya daga jikin bango don saiwa ta tsira daga zafin siminti. Cakuɗa yashin da taki ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba, don ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Yanke ledar da wuƙa ka cire ba tare da ƙasar ta warwatse ba, ka dasa da yamma, ka ba shi ruwa sosai. Gindi ɗaya ya isa ga kowace dirka; cunkoso ne ke sa rumfa ta zama kurmi.

Daga nan sai jagora. Ja waya siririya daga gindin zuwa saman rumfa, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su zama iyaye, sauran da ke fita gefe ka datse su tun suna laushi. Da damina ka zagaya shi kowane mako, domin reshen da ka ƙyale ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ya kama igiyar shanya. Ƙanwata waken shuɗin ta dasa, gindi biyu, kuma kafin Satumba ya kai saman rumfar, tana tsinkar furensa da safe.